BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TSARIN MA'AIKACIN WUCIN GADI A WASANNIN DABARUN YAƘI NA KWAMFUTA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'aikaci na dindindin, wato ɗan aikin da ɗan wasa yake saye sau ɗaya, ya ci gaba da tara masa dukiya har sai an kashe shi ko wasa ya ƙare. An nuna yadda wannan tsari ya kafu tun daga wasan Dune II na kamfanin Westwood a shekarar 1992. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga ma'aikacin wucin gadi, wanda ake kira ya yi aiki na ɗan lokaci sannan ya ɓace. Za a ɗauki MULE na wasan StarCraft II a matsayin babban abin nazari, domin shi ne ya fi shahara, kuma shi ne 'yan wasa suka fi jayayya a kansa. Daga nan za a kwatanta shi da abin da aka yi a Warcraft III da Civilization VI.

Ra'ayin da wannan babi yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, gajeren rai kaɗai bai isa ya zama farashin ma'aikacin wucin gadi ba. Idan kiransa bai hana ɗan wasa wani abu da yake so ba, kuma mutuwarsa ba ta yi wa kowa zafi ba, to abin da aka ƙara wa wasa dannawa ce kurum, ba a ƙara masa dabara ba.

4.1 Asalin MULE da Yadda Yake Aiki

Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da StarCraft II: Wings of Liberty a watan Yuli na 2010, shekara 12 bayan StarCraft na farko. A tsohon wasan, ɗan wasa ba ya iya zaɓen gine-gine da yawa a lokaci guda, kuma duk sabon ma'aikacin da ya fito sai an tura shi wurin ma'adini da hannu. Sabon wasan ya sauƙaƙa waɗannan abubuwa biyu. Wannan sauƙi ya tayar da hankalin ƙwararrun 'yan wasa, musamman masu bin gasar Koriya ta Kudu, saboda suna ganin hannu zai rasa abin yi a gida, kuma tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo za ta ragu. Don haka aka ba kowace daga cikin al'ummun wasan uku wani aikin tattalin arziki da za a riƙa maimaitawa. Zerg suka sami sarauniyar da ke ƙara tsutsotsin da ake ƙyanƙyashe dakaru daga gare su, Protoss suka sami ikon hanzarta aikin gini, Terran kuma suka sami MULE, sunan da ma'anarsa a Turanci ita ce alfadari.

Abin lura a nan shi ne, an haifi MULE ne don ya ba yatsun ɗan wasa aiki. Tambayar ko zai ba ƙwaƙwalwarsa aiki ta zo ne daga baya, kuma yawancin matsalolin da za a ambata a ƙasa daga nan suka samo tushe.

Lissafin da za a yi amfani da shi a nan shi ne na zubin Legacy of the Void, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2015. Ɗan wasan Terran yana gina hedikwata da ma'adini 400, sannan ya ƙara 150 ya mayar da ita Orbital Command. Wannan gini yana tara wani abu da za a kira kuzari, wanda ke ƙaruwa da kansa har ya kai 200. Da kuzari 50 ake kiran MULE guda, ya faɗo daga sama a duk inda ɗan wasa yake iya gani a filin wasa. Yana rayuwa sakan 64, kuma a cikin wannan lokaci yana kawo ma'adini kimanin 225. A zubin 2010 abin da yake kawowa ya kan kai 240 zuwa 270. Aikinsa ya yi kusa da na SCV huɗu, wato ma'aikatan Terran na dindindin, waɗanda kowannensu ake saye da ma'adini 50. Bugu da ƙari, lokacin da hedikwata ke ɗauka kafin ta sake tara kuzari 50 ya yi daidai da tsawon ran MULE, ta yadda wani yana mutuwa wani yana sauka.

Akwai gata biyu da MULE yake da su waɗanda SCV ba shi da su. Na farko, ba ya cin gurbi. A wannan wasa jimillar dakaru da ma'aikatan da mutum zai iya mallaka ba ta wuce gurbi 200, kuma kowane SCV yana cin ɗaya. Na biyu, yana iya haƙa a dutsen da SCV yake kai ba tare da jiran layi ba. Sansani mai duwatsun ma'adini 8 yana cika ne da ma'aikata 16, amma wannan iyaka ba ta shafi MULE ba.

4.2 Abin Yabo

Kafin a shiga suka, adalci ne a faɗi dalilin da ya sa MULE ya dace da Terran. Idan ɗan wasan Protoss zai yi gini, ma'aikacinsa yana aza harsashi ne ya koma bakin aiki, ginin ya ƙarasa kansa. Ɗan wasan Zerg kuwa, ko da yake ma'aikacinsa yana narkewa ya zama ginin, yana iya fitar da ma'aikata goma ko fiye a lokaci ɗaya in yana da tsutsotsi. Amma SCV sai ya tsaya a kan gini tun daga farko har ƙarshe, kuma hedikwata ɗaya-ɗaya take fitar da su. Saboda haka a mintocin farko Terran kullum yana baya a yawan masu haƙa, MULE ne yake cike wannan giɓi. Ta wannan fuska tsarin ya yi ma'ana, domin ya bambanta al'ummun uku ba tare da ya bar ɗaya a baya ba.

Har ila yau, 'yan wasa sun gano masa wasu amfanoni da suka ƙara wa wasan armashi. Yana iya gyaran tankoki da jirage, don haka akan jefa shi a bakin daga. Wasu kan sauke shi a tsakiyar dakarun abokin karawa don tankokinsa su yi harbi su ji wa nasu rauni. Irin waɗannan dabaru ne ke sa 'yan kallo ihu, sai dai ba su kai kashi kaɗan na yawan MULE da ake kira a wasa guda ba.

4.3 Inda Tsarin Ya Gaza

Masu kare MULE sukan ce ai ba kyauta ba ne, tun da kuzarin da ake kiransa da shi ana buƙatarsa don wasu abubuwa biyu. Da kuzari 50 hedikwata tana iya haska wani yanki na filin wasa na 'yan sakanni, ta nuna abin da abokin karawa yake ginawa ko ta tona dakarunsa masu layar zana. Da wani 50 kuma tana iya ƙara gurbi 8 a kan rumbun kayan dakaru. A takarda wannan zaɓi ne mai hanya uku. Amma idan aka zauna aka yi lissafi sai a ga hanyoyin ba su yi daidai ba. Rumbun da ke ba da gurbi 8 ma'adini 100 ake gina shi, MULE kuwa yana kawo fiye da ninki biyu na haka. Ke nan babu mai zaɓen ƙarin gurbi sai wanda ya yi sakaci ya maƙale. Haskawa ce kaɗai take yin takara ta gaskiya da MULE, kuma takarar tana da zafi ne a mintocin farko kawai, lokacin da mutum yake da hedikwata ɗaya ko biyu, yana tsoron kada Dark Templar ko jirgin Banshee su faɗo masa ba shi da abin ganinsu. A wannan ɗan tsakani tsarin yana aiki yadda ya kamata: wanda ya kwaɗaitu da ma'adini ya ƙarar da kuzarinsa zai iya rasa wasan baki ɗaya. Da zarar hedikwata ta kai huɗu ko biyar, kuzari ya wadata, sai a yi duka biyun, zaɓi ya mutu.

Matsala ta biyu ita ce ajiya. Tun da hedikwata tana riƙe kuzari har 200, ɗan wasan da ya ƙarar da nasa zai iya mantawa da ita na kusan minti huɗu, ya dawo ya sauke MULE huɗu a lokaci ɗaya, ko ɗigon kuzari bai salwanta ba. Gaskiya ne ya yi asarar lokaci, domin kuɗin da ya zo da wuri ya fi wanda ya zo a makare. Amma a kwatanta shi da ɗan wasan Zerg na zubin 2010, wanda in ya makara wajen sa sarauniya ta ƙara tsutsotsi, wannan zagaye ya wuce ke nan har abada, don ba a iya tara umarnin a kan gida ɗaya. Sai a 2015 aka ba Zerg damar jera umarnin. Na tsawon shekara biyar, ke nan, ayyuka biyu da aka ƙirƙira don manufa ɗaya suna hukunta mantuwa da ma'auni daban-daban.

Matsala ta uku ita ce mafi girma a ra'ayin mai wannan nazari, domin ta taɓa ginshiƙin irin waɗannan wasanni. Dalilin da ya sa ɗan wasa yake sadaukar da dakaru ya kutsa bayan sansanin abokin karawa shi ne ya kashe ma'aikata, ya karya masa tattalin arziki. Idan aka kashe wa Protoss ma'aikata 20, sai ya biya ma'adini 1,000 da mintoci masu yawa kafin ya farfaɗo. Idan aka yi wa Terran mai hedikwata uku da ajiyayyen kuzari irin wannan ɓarna, yana iya sauke MULE shida ko takwas nan take, kuɗin shigarsa ya koma kusan yadda yake, ya sami sararin sake sayen SCV. Wanda ya kai harin ya ci gudu amma bai ci zomo ba. Shi kansa MULE bai cancanci a ɓata harsashi a kansa ba sosai, tun da ko an bar shi zai mutu cikin minti ɗaya, kuma mai shi bai biya ko ƙwandala ba.

Daga rashin cin gurbi kuma wata al'ada ta fito a ƙarshen dogayen wasanni. Ɗan wasan Terran yakan gina hedikwata takwas ko goma, ba don yana da sansanonin da zai ajiye su ba, sai don kuzarinsu. Goma daga cikinsu suna riƙe MULE goma a kowane lokaci, wato aikin ma'aikata 35 zuwa 40. Daga nan sai ya tura yawancin SCV ɗinsa bakin daga su mutu da gangan, ya bar masu ɗibar iskar gas kawai, domin MULE ba ya ɗibarta, ya cike gurbin da suka bari da dakaru. Abokin karawarsa yana da ma'aikata 70 da dakaru 130, shi kuwa yana iya fitowa da dakarun da suka haura haka nesa ba kusa ba. A nan ma'aikacin wucin gadi ya tashi daga mai taimako ya zama magajin na dindindin. Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san ana kiransu ne lokacin da aiki ya fi ƙarfin mutanen gida, kuma ana biyansu. Ɗan ƙwadagon da ba a biya, ba a ciyar da shi, kuma yana zuwa kullum, ba shi da sauran suna na wucin gadi.

Kamfanin da kansa ya nuna alamun rashin gamsuwa da tsarin. A farkon 2012 an yi gyaran da ya hana MULE kawo ƙarin kaya daga duwatsun zinariya, inda a da yake ɗauko 42 maimakon 30 a kowace tafiya, abin da ya sa sansanin zinariya ya fi amfanar Terran fiye da kowa. A watan Agusta na 2015, lokacin gwajin Legacy of the Void, masu tsara wasan a ƙarƙashin David Kim sun cire MULE gaba ɗaya, daga baya suka gwada sa shi ya riƙa sauka da kansa, a ƙarshe suka mayar da shi hannun ɗan wasa kafin fitowar wasan. Wannan kai da komo hujja ce babba. Abin da za a iya miƙa wa na'ura ta yi ba tare da wasa ya rushe ba, alama ce cewa tun farko shawarar da ke cikinsa kaɗan ce.

4.4 Yadda Wasu Wasanni Suka Yi

Tun a 2002 kamfanin na Blizzard ya riga ya yi wani tsari a Warcraft III wanda ya juya al'amarin. A can ma'aikacin al'ummar Mutane ne yake zama sojan wucin gadi. Idan aka buga ƙararrawa, manoma su bar haƙar zinariya da saran itace, su ruga babban gida su ɗauki makamai na ƙasa da minti ɗaya. Ba a biyan kuɗi, amma duk sakan ɗin da suka yi da takobi sakan ne da ba su kawo komai ba, kuma wanda aka kashe an yi asararsa dindindin. Saboda haka ɗan wasa yana tsayawa ya yi tunani: mutum nawa zan tura, yaushe, kuma nisan wurin zai bar su su isa kafin lokacinsu ya cika? Ƙwararru sun yi amfani da wannan wajen share dodannin da ke gadin wurin sabon sansani da wuri. Farashin yana cikin jikin aikin, ba sai an rataya masa wani ma'aunin kuzari ba.

Civilization VI na kamfanin Firaxis, wanda ya fito a 2016, ya bi wata hanya dabam. A Civilization V na 2010 ma'aikaci ba ya mutuwa, yana ɗaukar zagaye da yawa kafin ya gama gona ko hanya, kuma da wasa ya yi nisa yawancin mutane sukan sa shi ya riƙa aiki da kansa su manta da shi. A sabon wasan aka maye gurbinsa da magini mai aiki uku kacal. Yana gama kowane aiki nan take, in ya yi na ukun ya ɓace, kuma farashin kowane sabon magini ya fi na wanda ya gabace shi. Ransa a nan ana auna shi da yawan aiki, agogo bai shafe shi ba. Sakamakon haka kowane aiki ya zama tambaya: gona zan yi, ko ma'adinai, ko in sare wannan daji in sami kayan gini yanzu in rasa shi har abada? Masu tsarawa sun kuma ɗaure adadin da sauran sassan wasan. Gina Dalar Masar yana ƙara wa magina aiki ɗaya, manufar mulki da ake samu bayan binciken tsarin barantaka tana ƙara biyu, sarkin Sin Qin Shi Huang kuma yana iya kashe ayyukan maginansa a kan abubuwan al'ajabi na zamanin da. Ana iya kama magini a kwace shi, don haka yana buƙatar rakiya.

Wannan tsari ma bai kuɓuta daga aibi ba. 'Yan wasa sun koyi dakatar da horar da magini saura zagaye ɗaya ya fito, su jira waccan manufa mai ƙara aiki biyu, sannan su sake su duka. Haka kuma, tun da gyaran abin da aka lalata ba ya cin aiki, akan ajiye magini mai saura ɗaya ya zama mai gyara na har abada. A ƙarshen wasa kuma jan magina daga gari zuwa gari yana gundurarwa, kuma Civilization VII na 2025 ya cire su kwata-kwata. Duk da haka, a zagaye ɗari na farko, maginin Civilization VI ya fi MULE sa mutum tunani.

4.5 Hanyoyin Gyara

Abin da zai fara zuwa wa mai nazari shi ne a ari tsarin Firaxis, a ce MULE ya yi tafiya tara ya mutu, ko minti nawa hakan ya ɗauka. Wannan zai kawar da wani ƙaramin abin haushi, wato MULE ya mutu a hanya da kaya a hannu. Amma bayan an duba da kyau, shawarar ba ta dace da wasan da ake yi da agogo ba. A tsarin sakan 64, idan abokin karawa ya kutso ya tilasta wa ma'aikata gudu, lokacin MULE yana ƙonewa a banza, kuma wannan na daga cikin 'yan ladan da mai kai hari yake samu. In aka koma ƙidayar tafiya, sai MULE ya ɓuya ya dawo ya ƙarasa aikinsa cif. Ƙidayar aiki ta dace da wasan da ake yi bi da bi, agogo kuma ya dace da wasan da kowa ke motsi lokaci ɗaya.

Gyaran da wannan nazari ya fi karkata gare shi shi ne a ɗaure MULE da sansani. A ƙayyade cewa hedikwata ba ta sauke shi don haƙa sai a duwatsun da ke kewaye da ita, kuma sansani ɗaya ba ya ɗaukar fiye da biyu a lokaci guda. Da wannan doka ɗaya, hedikwata goma da aka jera a bayan gida sun rasa amfaninsu na tara dukiya, mai son ƙarin MULE sai ya fita ya kama sabon wuri ya kare shi. Ajiyar kuzari ma ta rage daraja, tun da ba a iya zubar da takwas a wuri ɗaya bayan hari. Amma a mintocin farko, inda aka nuna Terran yana buƙatar taimakon, babu abin da ya canza, domin a lokacin MULE ɗaya ne ko biyu dama. Za a iya barin masa 'yancin sauka ko'ina don gyaran tankoki, tun da can ne dabara take.

Wasu sun fi son a sa shi ya ci gurbi, alal misali biyu ko uku muddin yana raye. Wannan zai kashe al'adar sadaukar da SCV, amma zai cutar da ɗan koyo fiye da gwani, saboda shi ne ya fi yawan maƙalewa da ƙarancin gurbi a farkon wasa. Idan za a yi hakan, gara a jinkirta shi, a ce MULE na farko da na biyu kyauta ne, daga na uku da ke raye a lokaci guda ake fara cajin gurbi.

Saura batun ba mai kashe shi lada. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa hedikwatar da aka kashe wa MULE ta dakata da tara kuzari na wasu sakanni. Da haka mai kai hari zai sami dalilin zaɓe tsakanin SCV da MULE, mai gida kuma zai yi tunani kafin ya sauke shi a sansanin da ba shi da tsaro. Dole a gwada tsawon wannan dakatawa da hannun ƙwararru, domin kuzarin nan shi ne kuma na haskawa, kuma Terran da aka hana haskawa a lokacin da Dark Templar suke cikin gidansa zai iya rasa wasa saboda MULE guda. Wataƙila sakan 10 zuwa 15 ne wurin da ya kamata a fara gwaji, a ga ko ya isa ya sa mutum shakka kafin ya danna.